Baƙar fuska a Audacity ba ta taɓa sauti

Malam, ka tambaya ko mayar da fuskar Audacity (manhajar gyara sauti a kwamfuta) baƙa zai rage ingancin sautin da kake haɗawa. Ko kaɗan, launi ne kawai ke canzawa.

Tun 2017 aka sa zaɓin. Shiga Edit, sai Preferences, sai Interface, a wurin Theme ka zaɓi Dark.

Ni da dare na fi ganin amfaninsa: ido ba ya saurin gajiya, zanen sautin kuma yana fitowa raɗau. Amma da rana, in hasken taga na dukan allon, gara ka koma fari, don baƙin sai ya zama kamar madubi. Batun tattalin caji kuwa, sai in allonka OLED ne, wato irin allon da kowane ɗigo ke ba da haskensa, wurin baƙi kuma a kashe yake. A LCD, wato allon da ake haskawa ta baya, fitilar tana kunne ko wane launi ka zaɓa.