Tambaya da Amsa: Simintin Tsakar Gida da Hayaƙin Unguwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun shafe tsakar gidanmu a unguwar Nima ta birnin Accra da siminti don mu huta da taɓo. Tun daga nan ruwan sama kaɗan sai ya taru har bakin ɗaki, da dare kuma zafi ya hana mu barci. Simintin ne ya jawo? Daga wata Hajiya, Nima.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Simintin yana da hannu dumu-dumu. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne cif. Gida mai faɗin mita 15 da tsawon mita 20, in aka yi ruwan milimita 50, ya karɓi lita 15,000, wato jarka 600 masu lita 25. A da ƙasa takan sha wani kaso. Yanzu kusan duka gota yake nufa, tare da na maƙwabta a lokaci guda, ya gangara kogin Odaw, daga can tafkin Korle. In yashi da leda sun toshe hanya, sai ruwa ya juyo kan mutane. Ba mu manta 3 ga Yuni 2015 ba, ranar da ambaliya da gobara suka ci rayuka fiye da 150 a wajen shataletalen Kwame Nkrumah Circle. Allah ya jiƙan su.

Fara da duba aikin magini. Daɓe yana son gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, daga ɗakuna zuwa mafita. Sau da yawa sabon siminti a kan tsoho ake zubawa har ya kai tsayin dokin ƙofa, shi ke nan ruwa ya samu hanya.

Sai a fasa wani gefe a haƙa ramin shan ruwa, mita 1 kowace fuska, nesa da harsashin gini kamar mita 5, kuma ba kusa da shadda ko rijiya ba. A cika da tsakuwa. Irin wannan rami yakan ɗauki wajen lita 300 kawai, domin dutse ya cinye sauran wurin. Amma a gwada tukuna: a zuba ruwa a ramin, in ya kwana bai tsotse ba, ƙasar yumɓu ce, kada a ɓata kuɗi. Tanki ya fi. Rufin murabba'in mita 50 zai tara wajen lita 2,000 a wancan ruwan na milimita 50. A zubar da lita 50 na farko saboda ƙura da kashin tsuntsu, a rufe bakin tankin saboda sauro.

Zafin dare kuwa, siminti da bulo suna shan rana duk yini su amayar bayan magariba. Farin fenti a kan kwano da kuma sa silin suna rage zafin sosai. A buɗe taga ta kudu maso yamma, inda iskar teku ke fitowa, da wata a kishiyarta. Wurin da aka fasa, a dasa darbejiya nesa da bango.

Tambaya: Yarana ba sa rabuwa da tari, musamman da hunturu. Daga wani Malam, Sabon Zango.

Amsa: Malam, ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana tarar da hayaƙin motoci, gawayi da sharar da ake ƙonawa. Mafi illa su ne ƙwayoyin da ba su kai maikiron 2.5 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), masu kutsawa can cikin huhu. Da asuba da almuru iska takan kwanta, hayaƙi ya tsaya ƙasa, kuma lokacin ne aka fi cinna wa bola wuta. Ku haɗa kai da maƙwabta a daina, musamman leda da taya. Murhun gawayi ya tsaya a fili, a yayyafa ruwa kafin shara. Tarin da ya kai mako biyu, ko numfashi mai fito, a kai yaro asibiti.