Ku Tambayi Likita: Ya ce wiwi ce kawai, to me ya kada shi haka?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, ina gaisuwa. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne nan Tahoua, shekarunsa 19. Ran Juma'a da dare abokansa na fada suka kawo shi gida ranga-ranga, yana ta amai, zuciya na dukan uku-uku, ko innarmu bai gane ba. Da ya farfaɗo ya ce wai wiwi ce ya zuƙa sau biyu, wani ya zo da ita cikin ƴar leda mai ƙyalli. Inna ta ce iska ce a kai shi wurin malam, ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wata yaya, Tahoua.

Amsa: Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Wiwi ma ba abin kirki ba ce amma da wuya zuƙa biyu ta kada saurayi haka. Alamun da kika faɗa sun fi kama da tabar haɗi, wadda a Turai da Amurka ake kira Spice ko K2, samarin Najeriya kuma su ce Colorado ko Colos. Ganyen da ke cikin ledar ba shi da wani aiki, kowace busasshiyar ciyawa ma ta yi, sinadari ne da aka haɗa a masana'anta ake fesa mata, a shanya, a ƙulla a sayar.

Asalin abin daga bincike ya fito. Wani malamin kimiyya John Huffman na jami'ar Clemson a Amurka ya haɗa ire-irensu da yawa don nazarin yadda wiwi ke aiki a jiki, ba don a sha ba, sai ga shi ƙarshen 2008 an gano ɗayansu mai suna JWH-018 cikin Spice a Jamus. Tun daga nan in hukuma ta hana wani sai masu haɗawa su ɗan sauya shi su fito da sabo, shi ya sa ledar yau da ta jiya ba lalle su zama abu ɗaya ba ko da zanen bayansu iri ɗaya ne.

A ƙwaƙwalwa akwai wata mahaɗa da ake kira CB1. Sinadarin wiwi, THC, rabi-rabi yake taɓa ta, waɗannan kuwa har ƙarshe suke murɗawa, ƙanenki ya san bambancin ɗan taɓa akselato da murɗe shi duka a kan kwalta. Ga kuma fesawar ba awo, wani gefen ganyen ya sha sinadari sosai wani ko kaɗan, to mutum biyar su sha daga leda ɗaya huɗu na dariya ɗaya na shure-shure a ƙasa. Yana kawo farfaɗiya, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ƙoda ta tsaya, wani ya yi ta ganin abin da babu har kwanaki, kuma ana mutuwa. In an haɗa da tramol, wanda dama shi kansa yana sa farfaɗiya, abin ya ƙara muni. A 2018 a jihar Illinois ta Amurka an samu wadda aka cakuɗa da maganin ɓera, mutane suka yi ta zubar da jini ta hanci da fitsari. Saliyo kuwa wata tabar haɗi da ake kira kush ta kai shugaba Maada Bio ya kafa dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024, kuma gwaji ya nuna akwai irin waɗannan sinadarai a cikinta.

Addu'ar Inna ba wanda zai hana, a yi, amma ku kai shi CHR, wato babban asibitin jihar Tahoua, a duba ƙoda da zuciya ko da ya miƙe yana yawo, musamman in fitsari ya ragu ko bayansa na ciwo. Ki tafi da ledar in tana nan, don awon fitsari na wiwi galibi ba ya nuna wannan, kada wani ya ce maki ai ba a ga komai ba. In Allah ya kiyaye ya sake faɗuwa, ku kwantar da shi ta gefe kada amai ya shaƙe shi, ba a ɗura masa madara ko manja ko ruwan rubutu, ba a cusa cokali a baki, a nemi mota kawai. In ya daɗe yana sha za ki ga zufa, rashin barci da saurin fushi kwanakin farko da ya bari, wannan ma ki faɗa wa likitan da zai gan shi.