Kachalla Ta Cinye Mana Fadama, Ya Za Mu Yi?

Tambaya: Malam don Allah ciyawar kachalla ta toshe mana hanyar ruwa, mun yi gayya mun gaji, tana dawowa. Meye mafita? Daga wani manomi a Nguru.

Amsa: Wallahi ɗan'uwa gayya kaɗai ba za ta iya ba, tunda dam ɗin Tiga da na Challawa suka sa ruwa ke kwanciya rani da damina, ita kuma abin da take so kenan, ga tsuntsayen jan-baki na kwana a cikinta. Mutum ba ya juran aikin da ba kuɗi, amma in akwai mai saye kullum za a yanka. A Senegal da Muritaniya gawayi ake yi da ita ana sayarwa. Ku haɗa ƙungiya, ku fara nemo masu saye tukuna. Kuma a ƙarƙashin ruwa ake yankanta saiwar ta ruɓe, ƙonawa kam ɓata lokaci ne.