Laptop tana nauyi, sai an yi mata format?

Ɗan uwa da ka ce laptop ɗinka tana jan ƙafa in ka kunna, kada ka yi saurin format tukuna. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, wajen da ke nuna manhajojin da ke aiki, zai buɗe, ka shiga Startup ka kashe tarkacen da ke tashi tare da Windows, ni tawa nan Gusau har na shanye shayina ba ta gama buɗewa ba wallahi, ashe su ne. Sannan rubuta cleanmgr a wajen search, manhajar Windows ta share tarkace za ta fito, ka share fayilolin wucin gadi. In kuma Disk a cikin Task Manager na nuna 100% kullum to wataƙila hard disk ɗin ne ya gaji, sa mata SSD, ma'ajiyar da ta fi hard disk sauri. A hure mata ƙurar hunturu ma, fanka na toshewa.