Zaren bishop daban, na kadinal daban

Ɗana, jiya da na sa reza na farke faifin da ka bi gefen rigar nan da shi, na ga ranka ya ɓaci. Ka ce ai ja ja ne, wa zai lura? Da yamma kuma ka ƙara da cewa tunda mai rigar bishop ne, me ya hana mu tsuga masa kuɗi. Ɗinkinka ba shi da laifi, layinka ya miƙe sarai. Zaren ne ba nasa ba.

Ɗauki ƙwaryar zaren nan biyu ka fita bakin ƙofa, kada ka duba su a ƙarƙashin ƙwan lantarki, yana ruɗin ido. Ka ga ɗaya ja ne wur kamar jinin da aka zubar yanzu, ɗayan kuwa ya yi duhu, ya karkata wajen shunayya kamar zoɓo. Mai kama da zoɓon shi ne na bishop: da shi ake bin gefen rigarsa da ramukan maɓalli da maɓallan kansu, ɗamararsa da 'yar hularsa kuma shunayya. Jan wur ɗin na kadinal ne shi kaɗai. Fada, wato limamin coci, rigarsa ba ta da layin launi ko ɗaya. Fafaroma fari ne daga hula har ƙasa. A Turai rigar yau da kullum baƙa ce, mu nan saboda zafi an yarda a ɗinka ta da farin yadi, amma launin gefen ba ya canzawa. Abin da ka yi jiya kamar ka naɗa wa hakimi rawanin sarki ne ka tura shi fada.

Ni ma da kuskure na koya. Ina sabon buɗe shago na taɓa yin irin wannan, fadan da ke riƙe da ofishin wani bishop ya dawo mini da rigar a naɗe cikin jarida. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Malam tela, wannan launin ba mu ne muke ba da shi ba." Kwana biyu na yi ina farkewa da allura don kada yadin ya yi rauni.

Gaskiya ya faɗa. Fafaroma ne kaɗai ke naɗa kadinal, kuma ranar da yake ɗora masa jar hula yana tuna masa cewa jan alama ce ta ya shirya tsayawa kan bangaskiya ko da za a zubar da jininsa. Mu da ke Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2020 aka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da fada ta Good Shepherd, ɗaya bai dawo da rai ba, yaro ɗan shekara 18. Tun daga lokacin ba na ɗaukar jan zaren nan da wasa. A duk Najeriya ma kadinal ƙalilan ne aka taɓa yi: Dominic Ekandem ne na farko a 1976, sai Francis Arinze a 1985, Anthony Okogie a 2003, John Onaiyekan na Abuja a 2012, Peter Okpaleke a 2022. Babban aikinsu zaɓen Fafaroma da ba shi shawara, kuma wanda ya cika 80 ba ya shiga zaɓen. Bishop kuwa dayosis yake riƙewa, wato majami'un wani yanki, shi ke naɗa fada, in ya kai 75 ya miƙa takardar ajiye aiki.

Maɓallin gaba 33 ne bisa al'ada, adadin shekarun Yesu a duniya. Wasu teloli suna ragewa idan mutum gajere ne. Ni ba na ragewa sai an ce mini, tazarar nake matsewa. Ka auna daga wuya zuwa lafi, ka raba, ka sa alli kafin ka huda ko ɗaya. 'Yar hular kuma yanki takwas ce, in yanki guda ya fi sauran faɗi za ta zauna a karkace, duk coci na kallo.

Akwai abin da ba za a taɓa kawo mana ba, wato farin ƙyallen ulu mai baƙaƙen gicciye shida da babban bishop irin na Kaduna ko Jos ko Abuja ke ratayawa a kafaɗa. Daga Roma yake zuwa. Ana sa wa 'yan raguna albarka ranar 21 ga Janairu, a yi amfani da gashinsu wajen saƙar, Fafaroma ya sa wa ƙyallen albarka ranar 29 ga Yuni. A can Roman akwai gidan teloli da ake kira Gammarelli, tun 1798 suke wannan sana'a tamu. An san su da ɗinka farar riga uku kafin zaɓen Fafaroma, babba da matsakaiciya da ƙarama, tunda ba wanda ya san awon wanda za a zaɓa. Ina son wannan labarin ƙwarai, domin ya nuna rigar ta kujera ce kafin ta zama ta mutum.

Batun kuɗi kuma, ka ji abin da na sani. Fafaroma ba shi da albashi, ana dai ɗaukar nauyinsa. Kadinal da ke aiki a ofisoshin Batikan an ce a da suna karɓar wajen yuro 4,000 zuwa 5,000 a wata, a 2021 kuma Fafaroma Francis ya zaftare musu kashi 10 cikin 100. Na nan gida ba Roma ke biyansu ba. Dayosis ce ke riƙe da bishop, gida da mota da abinci, daga baikon jama'a da abin da majami'u ke kaiwa a Mako Mai Tsarki, wato makon da ke kaiwa ga Ista. Ban ce maka duk talakawa ba ne, a'a. Amma ka lura da wanda ke zuwa biyan kuɗin riga a shagon nan. Yawanci 'yan Zumuntar Mata ne, su kwance bakin zane su zube kuɗin da suka yi wata uku suna tarawa, ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar, wasu da ƙanshin daddawa a jiki. Idan na ninka farashi saboda mai rigar babba ne, aljihun matan nan na shiga. Don haka yadi nake lissafawa, da shafi, da maɓalli, da kwanakin da aikin zai ci, in ɗora ribata daidai yadda zan ɗora wa mai babbar riga.

Yanzu je ka jiƙa farin yadin can ya sha ruwa kafin mu yanka, don kada ya tsuke bayan wankin farko. In ya bushe ka goge shi, ka kawo mini zaren mai kama da zoɓo. Faifin hannun dama ni zan yi kana kallo, na hagu naka ne.