Turbo ko birki, wanne zan fara?

Tambaya: Malam, ina da mota Toyota GT86 da nake zuwa aiki da ita a Ingila, nakan kuma shiga filin tseren Silverstone. In sa mata turbo, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye zancen turbo tukuna, ƙarfin doki 200 da injinta ke da shi ya ishe ka. A filin tsere birki ne ke fara gajiya. Man birki nau'in DOT 3 na iya tafasa a digiri 205 na Celsius, ka taka ka ji ƙafa ta nutse. Zuba DOT 4 da ya fi shi jure zafi, ka sa fad ɗin birki masu jure zafi, amma fa suna yin ƙara a cikin gari, sai haƙuri. Sannan ka koma kan tayoyi. Duk canjin da ka yi, sanar da kamfanin inshora.