Ta ina za a fara kula da walwalar ɗaliban sakandare?

Malama, kin ce ɗalibanki na gyangyaɗi a aji, manya na cin zalin ƙanana, wasu kuma sun yi shiru sun janye jiki, kina tambayar ta ina za a fara alhali babu kuɗin wani babban shiri.

A ganina, a fara da tabbatar da cewa kowane ɗalibi yana da malami guda da zai iya gaya wa damuwarsa ba tare da zancen ya zagaya ofishin malamai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ke nan a ajin mutum 40 ana iya samun biyar ko shida, kuma galibi ba su ne masu hayaniya ba.

Gyangyaɗi kuwa, kafin a kira shi lalaci, a tambayi yaro ƙarfe nawa yake kwanciya. Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.

Cin zali yakan faru ne inda idon malami ba ya kaiwa, kamar bayan ajujuwa da bakin ƙofa lokacin tashi, sai a riƙa sa malami a wuraren. Kada a haɗa wanda aka zalunta da azzalumin a ce su gaisa shi ke nan. Yaron zai gane cewa kai ƙara ba ta da amfani, ya daina faɗa. Kunyata mai laifi a gaban taron ɗalibai ma sau da yawa ramuwa yake jawowa.

Idan ɗalibi ya wuce mako biyu cikin ƙunci, ko ya ambaci cutar da kansa ko da cikin wasa, a sanar da iyayensa a ranar, a haɗa shi da likita ko ƙwararren mai ba da shawara.